Fuskar da Muntaka Ya Bari a Bangon Abhur

Aikin bai taka kara ya karya ba. A shafe wasu fuskoki a jikin bango, a wanke hannu, a koma gida. Muntaka ya sauka daga motar haya a bakin titin Abhur, gefen Jidda, da la'asar sakaliya, bokitin fenti a hannu ɗaya, rola da buroshi cikin leda a ɗayan. Iskar teku ta buso masa gishiri da ƙarnin kifi. Bai ji daɗinta ba, bai ji haushinta ba. Tun shekarar ambaliya haka yake, abu ya zo ya wuce ta gabansa yana kallo.

Ruwan nan da ya ci Jidda ranar da alhazai suka fita Mina, shi ya tafi masa da matarsa Mastura. Ta fita kai wa wata maijego kunu a Guwaiza, fasfonta ɗaure a ƙugu, kamar yadda duk marar iƙama, takardar izinin zama, yake yi da abin da yake tsoron rasawa. Da aka same ta, masu wanka suka ce masa ya yi haƙuri, ya bar ta yadda ya san ta. Hoton fasfon nan shi kaɗai aka taɓa ɗaukarta a duniya, ruwa kuwa ya haɗa da shi. Matan da suka san ta a ɗaki ba niƙabi, wasu tarhil, kamen korar baƙi, ya kwashe su zuwa gida, wasu sun watse. Muntaka ya ɗauki 'yarsu Zakiya, lokacin tana tatata, ya kama ɗaki a Sa'alaba kusa da wata tsohuwa Inno, wadda ba ta taɓa sa Mastura a ido ba.

Saboda haka fuskar Mastura wuri ɗaya ta rage, cikin kan Muntaka. Kullum kafin barci Zakiya takan hau cinyarsa ta ce, "Baba, faɗa min Umma." Shi kuma ya rufe ido, ya duba, ya faɗa mata abin da yake gani, daga goshi har haɓa. Wannan ne kaɗai abin da yake yi a yini da zuciyarsa a ciki. Tsoro ɗaya kuma ya rage masa a duniya, kada wata rana ya rufe ido ya tarar ba kowa.

Shi ya sa ya tsiri wata ɗabi'a. Duk bangon da aka ba shi, kafin shafe na ƙarshe, sai ya sa ɗan yatsa a ɗanyen fenti ya zana ta, don kada hannu ya manta abin da kai yake riƙe da shi. Ya tsaya ya kalle ta kaɗan, sannan ya bi da rola. Shaguna nawa ne a Sharafiyya suke ɗauke da Mastura a ƙarƙashin fenti, masu su na ta ciniki ba su sani ba? Bai taɓa ganin komai ba a dalilin haka. Amma fa bangayen nan duk ba kowa a cikinsu.

Otal ɗin da aka kira shi aikin na baƙi ne, Turawa da ma'aikatan kamfanoni, katanga ta raba shi da titi. A ƙasa akwai mashaya, irin ta Jidda, wadda tun da aka gina ta ba wanda ya taɓa fita yana tangaɗi. Lemo ne da gahawa, sai ruwan tuffa mai kumfa da ake zuba wa baƙi a kofi mai dogon wuya don su yaudari kansu. Mai kula da kantar wani dattijo ne, Abdulghaffar, jikan alhazan da suka zo a ƙasa ba su koma ba. A Jidda aka haife shi, Hausarsa tana tafiya ne da sandar Larabci.

"Kai ne mai fenti? Ahlan, ya waladi. Ga shi nan, duba da idonka."

Muntaka ya juya. Zanen ya cinye bango guda, daga ƙasa har rufi.

Can nesa akwai wani dutse mai farar hula, a gindinsa wasu itatuwan ƙaya masu kama da tinya. Daga nan jerin mutane suka gangaro. Ƙwarangwal sanye da manyan malafu suna kaɗa jita, haƙora a waje. Mata cikin dogayen riguna masu faɗin ɗamara, da laimar takarda, da takalman katako. Furanni ruwan goro sun rufe hanya, wasu ƙanana ruwan hoda suna zubowa daga bishiya a kan ƙoƙunan kai. Ga dila da farar fuska yana riƙe da tire. Duk jerin ya nufi wani kogi mai cike da fitilun takarda, inda kwalekwale yake jira ba kowa a ciki.

"Wane ne ya yi wannan, Kawu?"

"Wani bawan Allah, shekarun baya. Ubansa ɗan Japan, uwarsa 'yar Meksiko. Ya ce min mutanen uwarsa suna da ranar da matattu ke dawowa gida a ba su abinci, mutanen ubansa ma haka, su kuma su raka su da fitila a kan ruwa. To shi ya haɗa dangin biyu hanya ɗaya." Abdulghaffar ya rage murya. "Duk wanda ka gani a nan, ya ce nasa ne. Ba mai rai ko ɗaya."

"Allah ya kyauta."

"Da zai tafi ya roƙe ni in riƙa ajiye kofin ruwa a gindin bangon da magariba. Ina ajiyewa. Ba bauta ba ce, astagfirullah, haƙƙin maƙwabtaka ne. Da safe in tarar ba ruwa. Na ce esi ne, na'urar sanyaya ɗaki, yake shanyewa."

Ya ɗan yi dariya, Muntaka bai taya shi ba.

Abin da ya faru shi ne, mai otal ya dawo daga Hajji da sabon gemu da sabon tsoron Allah, ya ce ba zai ci gaba da ajiye surar masu rai a gininsa ba. Mudir, wato manajan otal ɗin, kuwa ba ya son rasa bangon da baƙi ke ɗaukar hoto a gabansa. Sai aka raba gardama: a bar jiki da tufafi, a shafe fuska da fenti mai launin fata. Wai in babu fuska babu sura, kowa ya huta. An kuma hana ajiye kofin ruwan tun makon da ya wuce.

"Ni dai da za ka ji tawa," in ji Abdulghaffar, "ka bari sai da safe."

"Da safe ina da wani aikin, Kawu."

Ya kafa tsani ya fara daga sama. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya, mai jita, mai ganga, tsohuwa mai kwando, dila. Buroshi ya wuce, ido ya tafi, baki ya tafi, sai sulɓi kamar ƙwai. Hannunsa ya san aikinsa, shi kuwa kansa ba ya wurin. Ko bisimilla bai tuna ya yi ba. Firji yana gurnani a bayan kanta. Lokaci lokaci injin ƙanƙara ya saki abin da ya haɗa, ƙwaram.

Gilashin da ke kallon teku ya yi ja, ya fara dushewa. Sai ga kiran salla daga masallacin bayan katanga.

"Halas, ya waladi, salla. Yalla, zan rufe."

"Saura biyu. Ka je, ina nan tafe."

"Magariba ce fa."

"Yanzu zan gama."

Dattijon ya ɗauki makulli. Sai ya girgiza kai, ya rage fitilu kamar yadda ake yi lokacin salla, ya ja ƙofar gilashi. Muntaka ya ji makulli ya juya. Dole a kulle, doka ce, wanda yake ciki ya jira a idar.

Biyun da suka rage suna gaban jerin, a bakin kogi, daidai tsayinsa. Wata mace mai laima, da wata ƙaramar yarinya a gefenta riƙe da fitila. Ya shafe ta yarinyar. Ya shafe ta macen. Ya ajiye buroshi.

Fentin yana ɗanye, yana sheƙi. Faɗinsa daidai fuskar mutum.

Bai yi shawara da kowa ba, har da kansa. Yatsansa ne ya tashi, kamar kullum. Ya ja goshi. Ya sauko da hanci. Ya buɗe idanu biyu, na hagu ya ɗan fi ƙanƙanta, don haka yake yi in za ta yi dariya. Ya ja baki, ya bar 'yar wushirya. Ya ɗiga tabon haɓa. Ga Mastura cikin rigar mutanen Japan, furen Meksiko a gashinta.

Ya kalle ta kaɗan. Ya sunkuya ɗaukar rola.

Firji ya yi shiru.

Esi ma ya ɗauke. Ba wuta aka ɗauke ba, fitilun da aka bari suna ci. Ƙara ce kawai ta fita daga ɗakin, har ta teku.

Sai wari. Ba na fenti ba. Warin laka ne, laka mai haɗe da kwata da ruɓaɓɓen katifa. Ya san shi. Ya yi kwanaki yana yawo a cikinsa yana ɗaga barguna a kan gawarwaki.

Tafin ƙafarsa ya yi sanyi. Ya duba. Ruwa ne yake malalowa daga gindin bango, ja, mai kauri, a hankali. Wani fure ruwan goro ya taho a kai ya tsaya a jikin silifas ɗinsa.

Ƙwas.

Katako ne a kan dutse.

Ƙwas. Ƙwas.

Ya ɗaga kai. Ɗazu duk jerin kogi yake fuskanta. Yanzu malafu sun juyo. Laimomi sun juyo. Ba ido ko ɗaya a bangon, shi da kansa ya shafe su, amma duk sulɓin nan shi yake kallo.

A sama wani ya taɓa tsirkiyar jita, sau ɗaya.

Layukan da yatsansa ya ja sun fara cika. Launi yana shigarsu, baƙi mai haske, irin nata. Leɓe ya yi taushi. Gira ta fito gashi gashi.

Idon hagu ya ƙanƙance.

"Malam."

Muryar ba ta fi numfashi ba. Haka take kiransa in yarinya ta yi barci.

Mai karatu zai so a ce Muntaka ya kurma ihu. Bai yi ba. Wani abu ne ya motsa a ƙirjinsa, wurin da ya daɗe da ɗauka ya mutu, ya yi masa zafi kamar ƙafar da ta yi tsami aka taka ta. Daɗi ya ji. Gaskiyar ke nan, daɗi ya ji.

"Ka rame," in ji ta.

"Mastura."

"Ka gaji, Malam. Ga jirgi can, akwai wuri."

Ya miƙa hannun dama. Bangon bai tare shi ba. Yatsu suka shige, tafi ya shige, har wuyan hannu. Ciki sanyi ne da motsin ruwa. Wasu yatsu suka kama nasa.

Ruwan ɗakin ya kai idon sawu. Ya ce a ransa, to mene ne? Mutum ya zauna a jirgi, a tura shi. Ba haya, ba 'yan sintiri, ba wayewar gari.

"Sai dai ba za mu tafi mu bar ta ba," in ji muryar.

Yatsun suka ja hannunsa gefe, ƙasa kaɗan, suka fito da shi daidai fuskar yarinya mai fitila. Fentinta ma bai bushe ba.

"Ka kwashe mana fuskokinmu. Ka biya mu. Wannan tana jira."

Ɗan yatsansa ya miƙe da kansa. Ya sauka a kan sulɓin. Ya fara jan wani ɗan goshi mai tudu, wanda yake shafa wa mai kowace safiya.

"Yauwa. Zana ta. Zana min Zakiya."

Yatsan ya tsaya.

Zakiya 'yar fari ce. Tun ranar suna har ranar ruwa, Mastura ba ta taɓa kama sunan nan a bakinta ba. Kunyar ɗan fari ta ƙauyensu ta zo da ita har Jidda, matan unguwa suna yi mata dariya. "'Yarka" take cewa, ko "yarinyar nan". Ko a ɗaki su biyu. Ko cikin magagin barci.

Ya dubi fuskar. Tata ce, ba inda ta rage. Abin da ke bayanta ne ba ita ba.

"A'uzu..." Ya sake farawa. "A'uzu billahi."

Ya fizgi hannu, bai fito ba. Ya kifa tafin hagu a kan fuskar yarinyar ya murje layin da ya fara, ya murje har ba alama.

Jita ta ɓarke. Ganguna. Takalman katako daga saman dutse har ƙasa, ƙwas ƙwas ƙwas, duk suna gangarowa.

Ruwa a gwiwa.

Rola tana yawo kusa da shi. Ya cafke ta da hagu, ya tsoma a bokiti, ya ɗaga.

Ya ja a kan goshinta.

Nan take ya ji abin ya fita daga kansa. Ba zafi. Ya nemi goshin Mastura a inda yake ajiye shi, ya tarar da fili.

Ya tsaya, rola a sama, fenti yana ɗiga masa a hannu. Yanzu ya gane cinikin. Ba zane ya yi a bangon nan ba, bayarwa ya yi. Abin da ya shafe a nan ya shafu ko'ina.

"Malam, ni ce fa." Hawaye na bin kuncinta. "In ka rufe ni, wa zai tuna ni?"

Ba kowa. Ya sani.

Yatsun da ke cikin bango suka sake jan hannunsa wajen yarinya mai fitila.

Ya ja rola a kan haɓa. Ya ja a kan baki, muryar ta koma gunji a ƙarƙashin fenti. Hanci. Kunci.

Saura idanu.

Ya kalle su iya abin da numfashi ɗaya zai ba shi.

Ya rufe.

Bangon ya sake shi. Ya faɗi da baya, tsani ya biyo shi, bokiti ya kife. Da rarrafe ya kai ƙofa, yana dukan gilashi da goshi da gwiwar hannu, don hannun dama ya ƙi ɗaguwa. A bayansa takalman suna matsowa. Wani abu mai sanyi ya taɓa masa dunduniya.

Makulli ya juya.

"Bismillah! Ya sattar! Me ya same ka?"

Abdulghaffar ya ja shi waje ta kwalar riga. Firji yana gurnaninsa. Injin ƙanƙara ya saki ƙwaram. Daɓen mashaya a bushe yake ƙayau, ban da fentin da ya zube. Jerin mutanen bango duk sun fuskanci kogi. Amma wandon Muntaka jiƙe yake har cinya da jar laka, dattijon kuwa ya shaƙi warin, ya ja baya. Shi ma ya rasa ɗan'uwa a ruwan nan. Ya kai shi famfo ya yi alwala, ya tsaya a kansa har ya rama magariba, sannan ya tare masa mota.

Daga baya an ce mudir ya sa an lulluɓe bangon da katako, don baƙi sun daina zama a kujerun da ke kusa da shi. Abdulghaffar ya nemi a mayar da shi kicin. Hannun daman Muntaka bai ƙara yin ɗumi ba, ko a tsakiyar zafin Jidda, ɗan yatsan nan kuma ba ya jin ko tsinin allura. Ya koyi riƙe buroshi da hagu. Ba ya karɓar aikin bangon da ke da zane, ba ya kuma bari rana ta faɗi yana kan tsani.

Amma wannan duk daga baya ne. A ranar, da ya isa Sa'alaba bayan isha, Zakiya tana ƙofar Inno tana gyangyaɗi, ta ƙi kwanciya sai ya dawo. Ya ɗauke ta da hannu ɗaya zuwa ɗaki. Ta gyara zama a cinyarsa.

"Baba, faɗa min Umma."

Ya rufe ido. Ga ɗankwalin, ga 'yan kunne, ga wuyan rigar da ta fi so. A tsakiya babu komai. Ya jira. Babu.

Ya buɗe ido. Yarinyar ta ɗago tana jiransa, fitila a fuskarta. Sai ya fara faɗin abin da ke gabansa.

"Tana da goshi mai ɗan tudu. Girarta ta kusa haɗewa. Kunnenta ɗaya ya ɗan lanƙwashe a sama. In tana jin barci, leɓenta na ƙasa yakan saki."

Zakiya ta taɓa kunnenta. Ta taɓa girarta.

"Baba, wannan ai ni ce."

"Ke ce."

"Ashe kama muke da ita?"

Bai sani ba. Ba kuma zai ƙara sani ba har ya koma ga Allah.

"Kamar an tsaga kara," in ji shi.

Barci ya watse daga idonta. Ta zame daga cinyarsa ta fita da gudu ba takalmi. Yana zaune, hannu a kan gwiwa, ya ji ta tana buga ƙofar tsohuwa.

"Inno! Inno, ara min madubinki, zan ga Ummata."